Idan Mai Kai Saƙo Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

A watan Fabrairun 2021, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, domin kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke gindaya sharuɗɗa. A Nuwamban 2023 kuma kotun ta ƙi ɗaukar masu kai abincin Deliveroo a matsayin ma'aikatan kamfanin, saboda kowannensu yana da damar sa wani ya yi aikin a madadinsa.

Da wannan tazara kamfanoni ke fakewa idan babur ya buge mai tafiya a ƙasa. Sai su ce ai ɗan kwangila ne, cin gashin kansa yake yi.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai keɓantacce, wanda mutum ɗaya ya mallaki lokacinsa. Shi amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Akwai kuma na tarayya, kamar tela da marini, mai karɓar aikin kowa. Malikiyya sun ɗora wa irin waɗannan masu sana'a lamunin kayan da suka keɓanta da su, don kare dukiyar jama'a. Abin lura, Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa Imam Malik ya lamuntar da mai dakon abinci, ko da yake bai yi haka ga sauran 'yan dako ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne hannu ya fi saurin kaiwa ga abin ci.

To, mai kai saƙon manhaja a wane gida yake? A takarda na tarayya ne. Amma mai saye bai san shi ba, da kamfani ya ƙulla ciniki, kamfani ya biya. Manhaja ce ke zaɓa masa aiki, tana ƙirga masa mintoci, tana iya rufe shi dare ɗaya. A ganinmu, wanda ya karɓi dakon shi ne kamfanin, lamunin kaya kuwa yana bin wanda ya karɓa, kamar yadda asara ke bin mai cin riba.

Jini ya fi wuya. Asali mai aikata laifi shi ke ɗaukar alhakinsa, mai gangancin tuƙi ba shi da mafaka. Sai dai kamfanin da ke rage wa yaro lada in ya makara ya zama sanadin gudun, kuma ya dace alƙali ya tambaye shi rabonsa a diyya.