Mai zane a cikin zanensa

Ka shiga shagon tela a Karaye ko Rogo, sau da yawa za ka tarar da hotonsa a bango: yana zaune gaban keken ɗinki, tef rataye a wuya, alhali ranar da aka ɗauki hoton da kayan sallarsa ya zo. Shi ya zaɓi abin da zai fito kusa da shi. Da irin wannan ido ya kamata a kalli zanen da mai zane ya yi wa kansa a ɗakin aikinsa.

Wanda ya fi shahara shi ne Las Meninas, da Diego Velázquez ya zana a 1656 a fadar Sarkin Sifaniya, Filib na Huɗu. Yau yana gidan tarihi na Prado a Madrid, tsayinsa ya haura mita uku. Kallon farko 'yar sarki Margarita ce ke ɗauke ido, yarinya 'yar shekara biyar, kuyangi biyu na kewaye da ita, ɗaya ta durƙusa tana miƙa mata ɗan jan tulu, ga kare kwance a gefe. Sai daga baya ido ya kai hagu, inda mai zanen ke tsaye da buroshi a hannu, gaban wani ƙaton allo da ya ba mu baya. Me yake zanawa? Can bangon ƙurya akwai madubi, a ciki sarki da Sarauniya Mariana sun fito dishi-dishi. Ashe suna tsaye ne daidai inda mai kallo yake tsaye. Sarki ne da kansa ya tako ɗakin aikin baransa.

A ganina nan maganar take. A Sifaniya ta wancan zamani ɗan sana'ar hannu ake ɗaukar mai zane, kamar maƙera da marina da dukawa a wurinmu, waɗanda kowa ke cin moriyarsu amma ba kasafai ake yi musu shimfiɗa a gaba ba. Ko ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, ina ganin abin da ya tashe su ke nan: mai zane ya faɗi matsayinsa da bakinsa.

Velázquez da fenti ya faɗi nasa. Ya daɗe yana neman a shigar da shi ƙungiyar manyan fadawa ta Santiago, ana ta bin diddigin asalinsa, bai samu ba sai a 1659. Jan tambarin ƙungiyar na nan a ƙirjinsa cikin zanen, wato ƙara shi aka yi bayan aikin ya shekara uku da kammaluwa. A 1660 Allah ya karɓi ransa.