Shirin Musamman: A Buɗe Baki, A Haska Tocila

Shirinmu na wannan mako zai tsaya a kan wuya da maƙogwaro, hanyar da numfashi da abinci da magana duk suke bi. Idan hunturu ya kama, ƙura ta tashi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai cewa haɗiyar yawu na yi masa zafi ba.

Bari mu fara sallamar mai sauƙin. Yawancin ciwon maƙogwaro mura ce ke kawo shi, wato ƙwayar bairos. Zai zo da majina da atishawa da ɗan tari, ya tafi da kansa cikin mako guda. Ruwan ɗumi, farasitamol, zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya, sai hutu. Kafson da ake rugawa kemis a saya ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Akwai wanda bakteriya ke kawowa, shi kuma ya fi kama yara daga shekara 5 zuwa 15. Zazzaɓi mai zafi, ƙululun naman nan biyu na gefen maƙogwaro da likitoci ke kira tonsil su kumbura su yi farin mugunya, kaluluwa ta fito a ƙasan muƙamuƙi, amma babu tari babu majina. Wannan yana son fenisilin, na sha har kwana 10 cur, ko allura guda. Iyaye mata, kwana 10 na ce, ko da yaro ya warware a rana ta uku. Idan aka bar ciwon ba magani, bayan makonni yana iya dawowa a matsayin ciwon gaɓoɓi, ya lalata ƙofofin zuciya, ɓarnar da yaro zai girma da ita.

To, yanzu ga abin da ya fi riƙe ni a shirye-shiryen wannan shiri: mashaƙo.

A watan Janairun 1925, can a ƙarshen arewacin Amurka, a yankin Alaska, akwai wani ƙaramin gari a bakin teku mai suna Nome. Likita ɗaya ne tak a garin, Dakta Curtis Welch. Ya fara ganin yara da ciwon wuya, ya ɗauka na tonsil ne, har sai da ya buɗe bakin wani yaro ya ga wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗe a maƙogwaro. Nan ya gane mashaƙo ne. Makarin da ke hannunsa wa'adinsa ya wuce. Teku ta daskare, jirgin ruwa ba zai iso ba sai bayan watanni. Jiragen saman lokacin kuwa ba za su iya jure wannan sanyi ba.

Sai aka samo makarin a birnin Anchorage, aka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa wani gari, Nenana. Daga nan babu titi babu dogo, sai dusar ƙanƙara ta sama da kilomita 1,000. Me aka yi? Karnuka, jama'a. Mutanen can suna da keken da ba shi da taya, mai sulɓi a kan ƙanƙara, karnuka ke jan sa. Mutum 20 da karnuka kusan 150 suka jeru a hanya, wannan ya miƙa wa wancan ƙunshin maganin, dare da rana, cikin sanyin da ya kai maki 50 ƙasa da sifili. Wani mai suna Leonhard Seppala ya yanke ta kan daskararriyar teku cikin guguwa, da wani tsohon karensa Togo mai shekara 12 a gaba. Na ƙarshensu, Gunnar Kaasen, iska ta kifar da kekensa cikin duhu, ƙunshin ya faɗa cikin ƙanƙara. Ya cire safar hannu, ya durƙusa yana lalube da tsirara hannu har ya same shi. Da asubahin 2 ga Fabrairu ya shiga Nome. Kwana biyar da rabi. Maganin ya daskare, aka narkar da shi, kuma ya yi aiki. Karen da ya ja gaba a zangon ƙarshe, Balto, har yau mutum-mutuminsa na tsaye a birnin New York.

Wannan makari da suka sayar da rai a kansa daga jinin doki ake samo shi, kuma a kan gano shi ne Bajamushe Emil von Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Shi ɗin ne dai har gobe ake nema idan mashaƙo ya kama yaro.

Na kawo labarin ne domin mu ma mun ga wannan cuta da idonmu. Daga Disambar 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, ya taɓa Yobe da Katsina da Bauchi, ya kuma bayyana a jihar Damagaram ta Nijar. Mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Mutanen Nome sai da karnuka suka keta ƙanƙara, mu kuwa allurar rigakafin tana asibitin unguwa, kyauta: mako 6, mako 10, mako 14 da haihuwa. Zan maimaita saboda mai jego da ke saurare: mako 6, mako 10, mako 14.

Alamomin mashaƙo kuwa: zazzaɓi, wuya ya kumbura sosai ta waje, numfashi ya riƙa ƙara, sannan fatar nan mai ruwan toka. Kada a kankare ta, jini za ta yi. Ƙwayar tana sakin guba da ke kai wa zuciya da jijiyoyi hari, shi ya sa makarin ke son gaggawa. A asibiti za a dangwalo majinar wurin da auduga a kai ɗakin gwaji, amma likita ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani. Mutanen gidan ma za a ba su nasu.

Sai maganar beli. Na san a nan wasu dattawanmu za su gyara zama. Wanzamai mutanenmu ne, masu sana'ar gado, muna girmama su. Amma, ranku ya daɗe, belin nan da ake yanke wa jariri kafin suna, ko babba idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, halitta ce da Allah ya yi wa kowa. Yana taimakawa wajen tare hanyar hanci lokacin haɗiya. Ba ya tsawo ya shaƙe yaro. Idan ya kumbura, ciwon da ke kewaye da shi ne ya kumbura shi, kuma wannan ciwon za a yi wa magani. Abin da aska ke iya jawowa shi ne zubar jinin da jariri ba zai jure ba, da cutar sarƙewar haƙora, da ciwon hanta idan an yi wa wani aiki da ƙarfen. Ku yi tunanin yaro mai mashaƙo a kai shi a sa masa ƙarfe a maƙogwaro. Allah ya kiyaye.

Ana yi mini alama lokaci na tafiya, ga kumburin wuya ban taɓa ba. A gurguje. Maƙoƙo kumburi ne a gaban wuya da ke hawa da sauka idan an haɗiyi yawu. Sau da yawa ƙarancin sinadarin aidin ne, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Ku sayi na leda mai tambari, ku rufe shi. Amma ba kowane maƙoƙo ne na aidin ba, gwajin jini da hoton wuya ne ke bambancewa, wani magani, wani tiyata. Kaluluwar da ta yi makonni ba zafi, ga rama ga gumin dare, tana iya zama tarin fuka ne ya sauka a wuya, maganinsa wata 6 ne, kyauta a asibitin gwamnati.

Na ƙarshe, murya. Duk wanda muryarsa ta dishe sama da mako 3, musamman mai shan taba, ko abinci ya fara tsaya masa a wuya, ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Da ɗan siririn bututu mai fitila za a leƙa ta hanci, cikin 'yan mintuna, a tabbatar ba ciwon daji ba ne.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.