Kaya Sun Yi Ja, Mai Kaya Ta Koma Toka

Ran nan ina zaune ina rubutu ƙanwata ta miƙo min wayarta, ta ce, "Yaya, ga mutanenki 'yan Koriya." Ta san ni da kallon finafinansu tun zamanin Jumong. Ina dubawa na ce tirƙashi! Wata budurwa ce a bakin titi a birnin Seoul. Komai na hoton baƙi da fari ne, motoci, gidaje, jama'a, har fuskarta. Siket ɗinta kaɗai aka bar wa kala, ja zur kamar garwashi.

Sunan wannan sutura hanbok. Akwai 'yar guntuwar riga da suke kira jeogori, sai dogon siket mai suna chima, a ɗaure shi a ƙirji ya baje har ƙasa. A da kalar ma magana take yi: budurwa ta sa riga ruwan ɗorawa da jan siket, amarya kuwa koriyar riga da jan siket. Yau sai bikin aure, ko bikin sabuwar shekararsu Seollal, ko na kaka Chuseok ake fito da su. Amma a kusa da fadar Gyeongbokgung, wadda aka gina a 1395, kullum kamar ranar salla ce. Tun 2013 duk wanda ya sa hanbok kyauta yake shiga, ga shagunan hayar kayan birjik. Nan masu hoto ke yin dandazo.

Dabarar ba tsafi ba ce. Da kalarsa ake ɗaukar hoton, sai a sa shi a kwamfuta a zare kalar tas, sannan a bi a hankali a mayar da ita inda ake so ido ya faɗa. An yi irin haka a fim ɗin Schindler's List na 1993, da wata yarinya mai jar riga.

To ni dai abin da ya tsaya min a rai daban ne. Da na ƙura wa hoton ido, sai na hango wata tsohuwa can baya sanye da farin hanbok. Allah sarki! Ta saje da bango. Alhali farin tufafi shi ne na talakan Koriya shekaru aru-aru, har ana yi musu laƙabi da mutane masu fararen kaya. Ita kanta budurwar, ban iya gane ko murna take ko tana da damuwa ba. Kayan sun cinye mai kayan.

Wallahi sai jikina ya yi sanyi, na janyo littafin da nake rubutawa. Shafi biyu cur na ɓata a kan atamfar tauraruwata, da sarƙarta, da takalminta mahaɗin jaka. Abin da ke cin zuciyarta kuwa layi uku. Ashe ni ma aikin mai hoton nan nake yi ban sani ba. A daren na yage shafukan na sake.

'Yar'uwa, in kin ga irin hoton nan ki yaba, don yana da kyau. Amma ki daure ki duba inda aka mayar toka, ki ga wa aka bari a can.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.