Hukuncin jabun kuɗi: idan ya yi tsauri, akwai ɗaukaka ƙara

'Yan'uwa mazauna Zangon Kwatano, a hada-hadar canji da cinikin Dantokpa jabun takardar sefa na iya faɗowa hannun kowa. Idan kotu ta ɗaure wani naku a kan haka, kada ku ɗauka magana ta ƙare.

A Benin, kotun CRIET da aka kafa a 2018 tana shari'ar irin waɗannan laifuka, kuma tun 2020 tana da sashen ɗaukaka ƙara. Wa'adin kwana 15 ne daga ranar yanke hukunci. Ana rubuta buƙatar a wajen magatakardar kotu. Wanda yake tsare kuma zai iya sanar da shugaban gidan kaso.

Ba sai mutum ya musanta laifin ba. Yana iya cewa hukuncin ne ya yi yawa. Doka ta bambanta mai buga jabu, da mai yaɗa shi da gangan, da wanda ya karɓa bai sani ba, sai bayan ya gane ya kashe shi. Laifin na ƙarshen ya fi sauƙi. Lauya zai kuma nuna cewa karo na farko ne, kuɗin kaɗan ne, ga iyali a wuyansa.

Muna jan hankalinku: idan mai gabatar da ƙara shi ma ya ɗaukaka, hukuncin na iya ƙaruwa. Don haka ku nemi shawarar lauya, ku roƙi tafinta, ku zo ofishinmu tun ranar farko.