Gidan Ofori-Atta: Daga Fadar Kyebi Zuwa Unguwar Nima

Jama'a, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu kan gidan da ya daɗe yana juya siyasar Gana, domin wanda yake daji da shanu ko yake kan hanya lokacin da aka watsa shi.

Ɗan uwa mai karatu, in akwai takardar sidi 20 a aljihunka, ciro ta ka duba. Fuskoki shida za ka gani, su ne "Manya Shida" da Turawan Ingila suka kama a watan Maris na 1948 bayan tarzomar Accra. Kowa ya san Kwame Nkrumah a cikinsu. Amma uku daga cikin shidan 'yan gida ɗaya ne: J.B. Danquah, da William Ofori-Atta da ake kira Paa Willie, da Edward Akufo-Addo. Nana Akufo-Addo, wanda ya mulki Gana daga 2017 zuwa Janairun 2025 kuma gidansa yake nan Nima, ɗan Edward ne na cikinsa. Paa Willie kawunsa ne, Danquah kuwa ƙanen kakansa.

Tushen gidan yana Kyebi, fadar masarautar Akyem Abuakwa a Yankin Gabas, ƙasar koko da zinariya. Nana Ofori Atta na Ɗaya ya hau kujerar sarautar a 1912, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1943. Sarki ne mai ilimin boko, ya shekara fiye da ashirin yana zama a majalisar dokokin Turawa, har suka ba shi lambar "Sir". Shi ya kafa makarantar Abuakwa State College.

To, a nan ne Bahaushe ko Bafulatani zai iya ruɗewa. A Kano ko Damagaram ɗan sarki shi ke sa rai da rawani. A ƙasar Akan ba haka ba ne: gadon kujera ta wajen uwa yake bi, wato ɗan 'yar'uwar sarki ya fi ɗan sarki kusa da ita. 'Ya'yan Ofori Atta, ga su da yawa, sun taso suna sane cewa kujerar ba tasu ba ce. Sai uban ya ba su gadon da al'ada ba ta hana ba: makaranta. Ya taimaka wa ƙanensa Danquah ya tafi Landan ya dawo lauya da digirin dokta. Paa Willie ya yi Cambridge. 'Yarsa Susan ita ce likita mace ta farko a ƙasar. Wata 'yar tasa, Adeline, ta auri Edward Akufo-Addo, lauya ɗan Akuapem. Ka ga kenan lokacin da mulki ya bar hannun sarakuna ya koma kotu da majalisa da jam'iyya, su sun riga kowa isa can. A ganina wannan ne asirin gidan, ya fi ƙarfin ganguna da laima.

Abin bai zo musu da sauƙi ba. Danquah na cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, suka gayyato Nkrumah ya zama sakatare, shi kuma ya ɓalle ya kafa CPP a 1949 ya kwashe talakawa. Danquah ya kara da shi a zaɓen 1960 ya sha kaye, ya kuma rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairun 1965. Amma duba wani abu: a shekarar nan ta 1965, wani ɗan Ofori Atta, Kofi Asante Ofori-Atta, ya zama kakakin majalisar Nkrumah. Gida ɗaya, wani a kurkuku, wani a kan kujerar majalisa. Babban gida ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ka kai tsaye. Bayan an hamɓarar da Nkrumah a 1966, Edward Akufo-Addo ya zama alƙalin alƙalai. A 1969 Kofi Busia ya zama firaminista, Paa Willie na cikin ministocinsa. Ranar 18 ga Nuwamban shekarar gwamnati ta fitar da dokar korar baƙi: duk wanda ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya fice. Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, mutanen Togo, dubbai suka tafi. Fataken goro da mahauta da 'yan tireda suka karyar da kaya da gidaje a wulaƙance, wasunsu ma a Zango aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Tambayi duk tsohon da ke zaune a ƙofar masallaci a Maamobi, zai ba ka labari. (Najeriya ta rama a 1983 zamanin Shagari, daga nan jakar nan ta Ghana Must Go ta samo sunanta.)

A yi adalci: gwamnatin Busia ce ta yi dokar, kuma Edward bai zama shugaban ƙasa ba sai Agustan 1970, shugabancin da na girmamawa ne kawai, ya ƙare da juyin mulkin Janairun 1972. Sai dai jam'iyyar NPP ta yau da bakinta take kiran kanta magajiyar Danquah da Busia, kuma wanda ya gaji gona ya gaji ƙayar cikinta. Shi ya sa Nana zai kwana a Nima, amma mazaɓun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, inda Nima da Maamobi suke, NDC suke ba wa kujerar majalisa zaɓe bayan zaɓe.

NPP ta yi ƙoƙarin wanke wannan tabo. Aliu Mahama, ɗan sarkin Zangon Yendi, ya yi mataimakin Kufuor daga 2001 zuwa 2009. Nana ya ɗauki Mahamudu Bawumia ɗan Walewale, suka faɗi a 2008 da 2012, suka ci a 2016. Da ya hau ya buɗe ma'aikatar kula da Zango, aka kafa Asusun Raya Zango, aka yi filayen ƙwallo da ajujuwa a wasu unguwanni, aka kuma mai da sakandare kyauta tun Satumban 2017. Wannan na ƙarshen ya taɓa gidaje da yawa a Zango, ba gardama. Ita ma'aikatar ba ta kai wa'adi na biyu ba, an rushe ta a 2021.

Makiyayi kuma ya lura da wannan. Tsarin mulkin 1992 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya, amma bai hana ɗan'uwansa ko jikansa ba, kuma yawancin ƙasar kudancin Gana a hannun kujerun sarauta take. Wurin kiwon da ka samu a Afram Plains ko Agogo, sarki ne ko mai gari ya ba da shi. Sojojin da suka zo korar shanu a Agogo a farkon 2018, gwamnati ce ta turo su. Ƙofa biyu ce, yarjejeniyar da ka yi a ɗaya ba ta ɗaure ɗayar.

Inda aka fi kuka da gidan shi ne wajen kuɗi. Ken Ofori-Atta, jikan sarki Ofori Atta kuma ɗan'uwan shugaban, shi ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2017 zuwa Fabrairun 2024. Mahaifinsa Jones ma ya yi mataimakin ministan kuɗi zamanin Busia. 'Yan adawa suka laƙaba wa gwamnatin sunan "ta dangi da abokai". Iyakokin Aflao, Paga da Elubo sun zauna a rufe daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 saboda korona. Ana buɗewa sai ga harajin E-levy a watan Mayu, kashi 1.5 cikin ɗari kan kuɗin da ka tura ta momo. Dala da take wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 13 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba. Mai sayo albasa daga Galmi da sefa ya sayar da sidi a Accra ba ya bukatar a yi masa bayani.

A Oktoban 2022 'yan majalisar NPP da kansu, gomiya-gomiya, suka fito suka ce a cire Ken. Shugaba ya ce a bari ya gama cinikin bashi da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya amince da dala biliyan 3 a Mayun 2023. Wata goma sha shida ya ƙara a kujerar. Ko ƙwarewarsa ce ta riƙe shi ko jini, kowa da abin da yake faɗa. Ni dai ina shakkar bare zai samu irin wannan haƙuri.

A Disamban 2024 John Mahama ya kayar da Bawumia da tazara mai faɗi, a Afrilun 2025 aka soke E-levy. Tun Fabrairun shekarar kuma ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ya sanar yana neman Ken kan zargin almundahana, zargin da kotu ce za ta raba. A Kyebi, Osagyefuo Amoatia Ofori Panin yana nan kan kujerar da ya hau tun 1999.