Hutu da Ƙananan Yara a Karkarar Mayahi da Tasawa

Ga yawancin iyalan da asalinsu yake karkarar jihar Maraɗi, hutun makaranta lokacin ganin gida ne. Magidancin da aiki ko kasuwanci ya zaunar da shi a Maraɗi, Damagaram, Yamai ko Kano yakan kwashi iyali ya kai su ƙauye, yara su gaida kakanni, su san dangi, su ga gonar da ake aiko musu da hatsinta. Tchaké, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi, da ƙauyukan gundumar Tasawa suna karɓar irin waɗannan baƙi kowace shekara. Nijar ba ta da gaɓar teku, amma yankin yana da nasa bakin ruwan: kwarin Gulbin Kaba, da tafkuna da kududdufai masu cika da damina su ƙafe da rani. Kai yaron da bai cika shekara biyar ba irin wannan wuri yana neman shiri, kuma kusan duk shirin ya rataya ne a kan lokacin da aka zaɓa.

Zaɓen lokaci

A Nijar ana buɗe makarantun boko a watan Oktoba, a rufe su wajen ƙarshen Yuni, saboda haka dogon hutu yakan faɗo tsakiyar damina. A lokacin ne karkara ta fi kyan gani. Jigawa ta yi kore, hatsi ya yi tsawo, shanu sun samu ciyawa, nono ya wadata. A lokacin ne kuma sauro ya fi yawa, ruwa ke kwance ko'ina, hanyoyi ke yankewa, rumbunan mutane sun kusa ƙarewa alhali sabon hatsi bai nuna ba. Watan Agusta ya fi kowane wata ruwa. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna, kuma da dama daga cikin waɗanda suka rasu ɗakunan laka ne suka rufta musu.

Gajeren hutun ƙarshen Disamba ya fi sauƙi ga mai jariri ko ɗan yaye. An gama girbi, abinci ya samu, sauro ya ragu, hanya ta bushe, kuma lokacin bukukuwan aure da kokawa ne. Matsalarsa hunturu: sanyin asuba da ƙura masu jawo mura da tari, don haka rigar sanyi, hula, safa da man shafawa dole ne. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, kuma lokacin sanƙarau da ƙyanda ne. Idan ba lalura ba, ba a son yin doguwar tafiya da ƙananan yara a waɗannan watanni.

Hanya

Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa Tchadoua da Tasawa. Mai zuwa Mayahi daga Maraɗi yakan rabu da ita a Tchadoua ya yi arewa. Manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo da STM suna bin babbar hanyar ne kawai. Daga nan sai ƙananan motocin tasha, daga bisani babur ko amalanke, domin ƙauyuka da yawa hanyar rairayi ce ke kaiwa gare su. Motoci sun fi samuwa ranar kasuwar mako, shi ya sa masu dabara ke daidaita tafiyarsu da ranar kasuwar garin da ya fi kusa da ƙauyensu.

Sammako ya fi alheri: ana isa kafin rana ta yi zafi, kuma idan mota ta lalace akwai sauran yini. Tafiyar dare da yara ba ta da amfani. Idan an yi ruwa mai ƙarfi, ƙorama takan kawo farat ɗaya, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya tafiya da yaro ko ya kayar da babur. Abin yi shi ne a jira ya wuce. Loda uwa da goyo da yara biyu a kan babur ɗaya a cikin rairayi sayen hatsari ne. Ƙarin kuɗin babur na biyu bai kai kuɗin ɗorin karaya ba.

Ana riƙe takardun haihuwar yara, katin riga-kafinsu da katin shaidar iyaye a jaka ɗaya da ruwa ba ya ratsawa. Kuɗi kuma a tafi da canji, domin takardar jaka goma takan yi wuyar karyawa a kasuwar ƙauye. Kamfanonin aika kuɗi kamar Nita da Amana suna da rassa a manyan garuruwa, amma ba kowane ƙauye ba. Haka ma layin waya: wani wuri Airtel ke kamawa, wani wuri Moov ko Zamani, kuma mutanen gida ne suka san wanda ke aiki a wajensu.

Guzuri da tsaraba

Baƙi shida ko bakwai a gidan da ke auna hatsi da tiya a watan Agusta nauyi ne, ko da masu gida ba za su taɓa faɗa ba. Saboda haka tsarabar da ta fi daraja a damina ita ce ta abinci: shinkafa, masara, mai, sukari, gishiri, sabulu, ganyen shayi, da goro na dattawa. Zannuwa da takalman yara sai su biyo baya. Kyautatawa ce a sanar da zuwan tun da mako biyu, a faɗi yawan masu zuwa da kwanakin da za su yi, don a gyara ɗaki, a duba rufinsa da katangarsa, a kuma tanadi itace.

Cikin yaron birni ba ya saurin sabawa da sabon abinci. Tuwon hatsi da miyar kuka, ɗanwake, kunu mai zafi da kwaɗon zogalen da aka dafa sosai ba su da matsala. Inda ake samun cikas shi ne fura da nonon da aka dama da ruwan da ba a tace ba, da abincin da ya kwana ba a ɗumama shi sosai ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, kuma wannan magana gara uwa ta yi ta da surukarta cikin ladabi tun ranar isowa.

Sauro da zazzaɓi

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban haɗarin hutun damina. Yakan tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Iyali su tafi da gidan sauronsu mai magani, wanda zai ishi kowa, tare da igiya da ƙusoshi, domin a ƙauye sau da yawa a tsakar gida ake kwana. A ɗaura shi tun kafin magariba, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa.

Tun 2013 Nijar ke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin riga-kafin zazzaɓin damina, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. Ana ba da shi sau ɗaya a wata a watannin damina, kowane zagaye na kwana uku: ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran biyun a gida. Yaron da ya fara sha a birni bai kamata tafiya ta katse masa ba, sai a tafi da katinsa a nuna wa masu rabon ƙauye.

Ranar da aka sauka ya kamata a san inda ɗakin shan magani ko cibiyar lafiya mafi kusa take, da mai babur ɗin da za a iya tasa da dare. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, kada a tsaya ga maganin 'yan talla. Jijjiga, amai ba tsayawa, kasa shan nono da yawan barci marar dalili alamu ne na gaggawa. A jakar magani ana sa farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, bandeji, sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa tare da ƙwayar zinki. Idan ƙunshin ya ƙare, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Bakin ruwa

Ruwan sha na yara ya fito daga famfo ko rijiyar burtsatse. Idan na buɗaɗɗiyar rijiya ne, a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijar a 2013, amma tsargiya tana nan a ruwan kwance. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi, ta ratsa fatar mai wanka, kuma fitsarin jini ba ya bayyana sai bayan makonni, lokacin da yaro ya riga ya koma birni. Maganinta yana nan a asibiti, amma hana wankan tafki ya fi.

Nutsewa ta fi tsargiya saurin kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ke mutuwa a ruwa kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙauye wurin da ya fi cin yara shi ne kududdufin bayan gari, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini. Bakinsa laka ce mai santsi, ruwansa jajir ne ba a ganin ƙasa, kuma taku biyu daga gefe zurfin yakan wuce tsayin mutum. Yaran gari sun san inda ramin yake tun yana busasshe. Baƙo bai sani ba, sai dai ya bi su. Ƙaramin yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama. Rijiyar da ba ta da murfi, da baho ko bokitin wanki da aka bari cike a tsakar gida, su ma sun isa su halaka mai rarrafe.

A gidan da mutane suka yi yawa kowa yakan ɗauka wani ne ke kallon yaron. Maganin wannan shi ne a ambaci mutum ɗaya babba a ce yau amanar yara a hannunsa take, kada a bar wa 'yar shekara bakwai renon ɗan shekara biyu a bakin ruwa. Sauran matakan kariyar ƙanana ne: rufaffen takalmi saboda ƙarangiya da ƙaya, tocila da dare saboda kunama da maciji, kakkaɓe takalmi da safe, da hana fakewa ƙarƙashin itace idan ana tsawa.

Abin da yara ke ƙaruwa da shi

Duk wannan tsaro ana yin sa ne don a samu abin da aka je nema. A kwarin Gulbin Kaba yaro zai ga goruba tun tana kaba har ta yi rassa, ya ga yadda ake yanko ganyenta a shanya, a tsaga, a saƙa tabarma da igiya. Zai ga gawo tsaye ba ganye a tsakiyar damina, hatsin da ke gindinsa kuwa ya fi na ko'ina ƙarfi. Zai ga tatsar saniya, jan ruwa da guga, daka da surfe, da yadda ake tonon gyaɗa da aya. Da dare akwai tatsuniya da wasan dandali. Wasan jika da kaka ma makaranta ce: tsohuwa ta tari jikanta namiji da “maigidana, ina cefanena?”, ta ce wa macen “kishiya, kin zo ƙwace mini miji?” Da irin wannan raha yaro ke koyon gaisuwa, durƙusawa da sanin wane ne baffa, wane ne kawu.

Tafki da teku

Iyalin da ke son yara su ga babban ruwa suna iya zuwa Tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, inda ake kamun kifi da jiragen ruwa, tsuntsaye kuma ke sauka. A 2006 Nijar ta sa tafkin, da dajinsa, da kaburburan waliyyai 99 da ake dangantawa da shi a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Yankin yana kusa da iyaka kuma ya sha fama da 'yan bindiga, don haka ana tambayar halin tsaro kafin a tashi, a je da rana a dawo da rana.

Teku kuwa sai an ƙetare ƙasa. Daga Maraɗi zuwa Kwatano, a gaɓar tekun Benin, ta Doso, Gaya da Parakou ya haura kilomita 1,000, kuma tun bayan juyin mulkin Yuli 2023 zirga-zirga a iyakar Nijar da Benin ta samu cikas. Ƙauyukan masunta na Ouidah da Grand-Popo suna da rairayi da itatuwan kwakwa, amma igiyar ruwan gaɓar tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki ko da ya iya iyo. Yaro ya yi wasa a busasshen rairayi, hannunsa kusa da na babba. Ana neman katin riga-kafin shawara a iyaka, kuma watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa da wannan tafiya.

Komawa

Ya kamata a bar ƙauye aƙalla mako guda kafin a koma makaranta, don yara su huta, a kuma lura da lafiyarsu. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya bayyana. Duk zafin jikin da ya taso a cikin wata guda bayan dawowa ana kai shi gwaji, a kuma shaida wa likita inda yaron ya je da irin ruwan da ya shiga.