Rabin Aji a Lokacin Kaka: Abin da Ƙananan Yaran Madobi ke Koya Tsakanin Girbi da Hunturu

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba babu mai zaman banza a ƙasar Madobi. Ruwa ya ɗauke, an yanke shinkafar damina ana bugu ana sheƙa, dawa ta nuna tana jiran magirbi. A fadamun Kogin Challawa da filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam an shiga dashen tumatir da albasa, masu alkama kuma na sauri su shuka don ta samu sanyin da take so. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwanta zuwa Kadawa da kewaye, kaka ta daina zama ƙarshen aikin shekara a wannan yanki. Manomi na kai dami rumbu, hankalinsa na kan irin da zai dasa.

A daidai wannan hada-hada ne zangon karatu na farko ke kai tsakiyarsa. Cikin makarantun firamare na Madobi da Kwankwaso da Kafin Agur da Burji akwai ajin da ba a cika tunawa da shi ba idan ana maganar ilimi, wato rabin aji, inda ake tara 'yan shekara huɗu da biyar kafin su shiga aji ɗaya. Masu hali sukan kai nasu nazare ta kuɗi. A takarda dai ajin yana da gata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, bugun manufar ilimi ta ƙasa na 2013 kuma ya ware shekara guda ta share fage kafin firamare, ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 25. Amma a rabon da hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, ta tsara wa kuɗin tallafin jihohi tun farko, kashi 5 cikin 100 aka ba wannan mataki, firamare ta ɗauki 60, ƙaramar sakandare 35. Wannan rabo kaɗai ya nuna matsayin da aka ajiye shi.

Safiyar ɗan rabin aji a watan Nuwamba ba ta farawa a makaranta. Da yawansu sun riga sun zauna gaban malamin allo bayan asuba, sun biya abin da aka rubuta musu, sun dawo gida an ba su koko. Uwa ta shafe fuska da ƙafa da man kaɗanya ko basilin saboda kaushi, ta ɗora rigar sanyi ta gwanjo a kan yunifom, ta ja hula har kunne, sannan ta damƙa hannun yaro ga yayarsa da ke aji huɗu. Hazo ya fara sauka, don haka makara ta zama ruwan dare. Malama mai hankali ba ta tsayawa da bulala a ƙofa. Takan fitar da tabarmi inda hantsi ke bugawa, ta zaunar da yara su sha rana, ta duba farce da hanci, a gaisa, a yi addu'a, kowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Wannan gaisuwa da ake gani kamar ɓata lokaci darasi ce babba, domin a nan ne yaron da bai taɓa magana a gaban mutum talatin ba yake koyon buɗe baki, da jiran a zo kansa, da sauraron wani.

Abin da ke biyo baya shi ne inda gizo ke saƙa. A azuzuwa da dama, na gwamnati da na kuɗi, sai a rubuta baƙaƙen Turanci a allo, malama na nunawa da sanda, yara na amsawa da ƙarfi har maƙogwaro ya bushe. Su rera lambobi daga ɗaya zuwa ashirin cikin harshen da ba mai yi musu shi a gida. Yaron Madobi gwani ne wajen hadda, makarantar allo ta riga ta horar da kunnensa, saboda haka cikin mako biyu zai riƙe duk abin da aka rera. Amma ɗebo tsakuwa bakwai ka zube a gabansa ka ce ya ba ka huɗu da Turancin da ya haddace, sai ya tsaya yana kallonka. Ka faɗa masa da Hausa, nan take zai ƙirga ya miƙo. Ƙirgan yana kansa tun daga gida, ajin ne bai nemi ya haɗa shi da abin da ake rerawa ba.

Alhali kaka ita ce lokacin da kayan koyarwa suka fi yawa, kuma kyauta. A dubi yaro ɗan shekara biyar da ya samu sillen kara. Zai sa haƙori ya ɓare ɓawon, ya tsaga shi siri-siri, ya yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa. Gunduwa biyu dogaye su ne gefen mota, gajeru su ne gaba da baya, tsinken ɓawo shi ne ƙusa. Sai ya nemo sakaina ko tsohon silifa ya fere ƙafafu huɗu. Idan ƙafa ɗaya ta fi sauran girma motar za ta riƙa karkata, ba sai an gaya masa ba, zai cire ya kara ta da 'yar'uwarta ya rage. Idan gefe ɗaya ya fi tsawo, ya gwada ya datse. Cikin rabin sa'a ya yi awo, ya kwatanta tsawo da gajarta, ya gane da'ira, ya ƙirga, ya gyara kuskurensa da kansa, yatsunsa kuma sun yi irin aikin da zai sa su iya riƙe fensir. Babu littafin aikin gida da zai ba shi rabin wannan. Abin takaici, idan ya shigo aji da motar, sau da yawa ƙwacewa ake yi a ce ya zo da shara.

Haka 'yan mata da carafke. Ana ɗibar duwatsun ɗaiɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, ido na bin wanda aka cilla sama, hannu na aiki a ƙasa. Tushen tarawa da ninkawa ke nan. Ga laka ta bakin fadama da ake gina tukunya da shanu, ga gwangwanin tumatir da za a gane cewa cikin ƙarami nawa ne ke cika babba, ga ƙwayar shinkafa da dawa da wake da masara da za a zuba a faifai a ce yara su ware kowace da danginta. Ga yashi, wanda ya fi kowane allo dacewa da yatsan mai koyon rubutu, musamman yaron da ke fara baƙi daga dama a wurin malamin allo, ya zo boko a ce ya fara daga hagu. A ƙasa zai iya yi ya share sau ɗari ba tare da ya cinye takarda ba.

Wanda ke ganin wannan ƙauyanci ne ya duba tarihin ajin kansa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa irin wannan makaranta ya raɗa mata suna a 1840, ya ba kowane yaro ɗan fili ya shuka abin da yake so ya kula da shi. Maria Montessori ta buɗe nata ajin a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan 'yan ƙwadago da iyayensu ke fita aiki su bar su, kuma ta koya musu baƙaƙe ta hanyar shafa su da yatsa. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an fara wani bincike a kan yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar wasu daga cikinsu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasa da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100, kamar yadda mujallar Science ta buga a 2014. Yaran Jamaikan ba su kai shekarun rabin aji ba lokacin da aka fara, amma abin lura shi ne kayan aikin: robobi da gwangwanaye da tsummoki, da babba mai ba yaro lokacinsa. A yankin da ake dashen tumatir a kowace kusurwa, me zai hana kowane yaro ya samu gwangwani da ƙasa da dashe ɗaya, ya riƙa ba shi ruwa, ya auna tsawonsa da tsinke duk ranar Litinin har a yi hutu?

Maganar harshe kuwa ta daɗe ana jan ta. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na yankin da suke, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza a Turanci ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tsarin zuwa shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi. Manufa ta je ta dawo, amma ɗan shekara huɗu a Kubaraci ta ƙasar Madobi da Hausa yake tunani. A nawa ganin, malamar da ta ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, 'yan yara, me kuke gani zai faru?" ta fi mai sandar nuni yi wa karatun yaron hidima, har da Turancin da zai koya gaba. Kacici-kacici da gagara-gwari suna wasa kunne ya rarrabe sauti, kuma wanda ya ji bambancin ɓ da b, ko ƙ da k, ya kama hanyar karatu. Turanci ya shigo a waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa, kaɗan-kaɗan, ba laifi.

Kaka ba alheri kaɗai take kawo wa ajin ba. Rajista takan rame a waɗannan makonni. Iyaye mata na can suna turara shinkafa ko sheƙa, wasu sun fita kala, sai a tsayar da yaya ta yi raino, kuma in yaya ba ta je ba ƙanin da take riƙe wa hannu ma ya zauna. Ƙura da hayaƙin tattakar shinkafa da ake ƙonawa suna tayar da tari da mura, ga aji mai taga ba murfi da daɓen siminti mai sanyi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata da damina ya ƙare, alhali inda ruwa ke kwance a kanal da gonaki sauro ba ya tafiya da ɗaukewar ruwa. Sai tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fita ta fitsarin mai ciwo su shiga katantanwar ruwa, daga nan su huda fatar mai wanka ko wanki. Koya wa ɗan rabin aji cewa ba a fitsari a kanal, ba a shiga ba tare da babba ba, kuma a wanke hannu kafin a ci abincin tara, ya cancanci matsayi ɗaya da koyon baƙaƙe. Yunwa ma na nan ko a tsakiyar girbi. Shirin ciyarwa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku aka tsara wa, ƙananan da suka fi kowa saurin galabaita ba sa cikin lissafi.

Iyaye ma suna da nasu kason. Uban da ya biya kuɗin nazare yana so ya ji ɗansa na rera Turanci da yamma, in ya ga laka a riga sai ya ce, "Wasa kawai ake kai su yi." Masu makaranta sun san haka, shi ya sa ake loda wa ɗan shekara huɗu aikin gida, a yi masa jarrabawa a farkon Disamba, a rubuta cewa shi ne na ashirin da bakwai a aji. Ban ga amfanin da wannan lamba ke yi wa kowa ba. Abin da ya kamata katin sakamako ya gaya wa uba shi ne ko ɗansa na iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ko yana ƙirga abu goma yana taɓa kowanne, ko yana iya jiran layi, ko yana ji da gani sosai.

Duk wannan ya rataya ne a wuyan malama. Kwalejojin ilimi suna horar da masu takardar NCE a fannin kula da ƙananan yara, amma sau da yawa rabin aji akan miƙa shi ne ga duk wanda ya rage bayan an raba sauran azuzuwa, wani lokaci ma a haɗa shi da aji ɗaya a ɗaki guda. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Idan ana ɗaukar sababbin malamai, ya dace sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya nemi waɗanda suka karanci wannan fanni, ya kuma bar su a ajin da aka horar da su dominsa.

Akwai kuma abin da ba sai an jira Kano ko Abuja ba. Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta a Madobi zai iya zama a wannan makon. Manomi ya ba da damin kara da mudun hatsi iri-iri, kafinta ya sa wa tagogi murfi kafin sanyin Disamba ya kankama, masu hali su sayi tabarmi da buta da sabulu, a roƙi wata gwaggo ko kaka mai bakin tatsuniya ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Gidajen da ke unguwa ɗaya su riƙa karɓa-karɓa wajen raka yara, don kada girbi ya hana ƙarami zuwa. Jama'ar Madobi, a leƙa rabin aji kafin a yi hutun wannan zango.